Yadda Ottmar Ya Matse Mijina Ya Shiga Aljihu

Mijina Konrad, Allah ya ji ƙansa, sai da maza shida suka ɗauki akwatinsa, na bakwai yana biye da su ko wani zai durƙushe. Wannan ƙaton ne ƙaninsa Ottmar ya rantse a gaban jama'a zai sa a aljihun riga, har wuri ya ragu.

Shekara talatin da ɗaya Konrad ne mai kiran itace a bikin cocinmu, wato shi ke ba da umarni in za a kafa dogon itacen biki a fili. Maza arba'in za su shiga ƙarƙashin itacen nan mai tsawon mita talatin, riƙe da dogayen sanduna da aka ɗaure biyu-biyu kamar almakashi, ba mai motsi sai ya ce “Hoo-ruk!” Su tura. Sai ya yi shiru, su matsar da sanduna gaba, su share gumi, su kurɓi giya, sannan ya sake. Da haka itace ke miƙewa har ya zauna a raminsa.

Ya rasu a watan Fabrairu na shekarar dubu biyu. Muryarsa wuri ɗaya ta rage a duniya, wani kaset na minti arba'in da aka ɗauka a bikin bara. Ottmar ya karɓa wai zai juye shi cikin kwamfuta don ya dawwama. Ya juye kuwa, amma da ya zo cire kaset ɗin sai rediyonsa ya tauna shi, ya fito kamar taliya. Shi ke nan, mijina ya koma zama a cikin kwamfutar ƙaninsa, shi da bai taɓa iya zaman awa ɗaya a gidan ba.

Da biki ya matso na tafi wurin Lorenz mahauci, shugaban kwamiti. Na ce bana ma Konrad ne zai ɗaga itace, da lasifika.

Ya ajiye wuƙa. “Gunda, mutumin nan ya mutu.”

“Na sani, ni na zaɓa masa kwat.”

“Matacce ba ya ganin itace.”

“Da ransa ma yana gani ne? Daga kofi na uku Konrad bai taɓa ganin komai ba, kuma itace bai taɓa faɗuwa ba. Sandunan ne dai, ramin ne dai, jakunan mazan ne dai.”

Lorenz shi ke ƙwaɗayin gadon kiran, kowa ya sani. Amma ni ke gurza kren a garin nan, saiwar nan mai yaji da ke sa ƙato kuka, kuma in ba kren ɗina a gefe, dafaffen namansa da tafin takalmi duk ɗaya. Na ce ko Konrad ya yi kira, ko ya sayar da namansa gaya ranar biki. Ya ce sau ɗaya kawai. Na ce ai sau ɗayan nake so. Ya ce kuma dole wani ya tsaya da yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Na yarda.

To shi Ottmar, shekara goma sha tara ya yi yana aiki a birni, a wani gidan bincike inda ake harkar matse sauti don ya ci ƙaramin wuri a na'ura. In ya zauna a mashaya, magana biyu sai ya ce “mu masu bincike”. Aikinsa ɗaga sandar ƙofar motoci. In ka tuna masa, sai ya ce ba wanda ya taɓa shiga ginin nan ya ƙirƙiro komai sai da ya ɗaga masa sanda.

Ranar Lahadi bayan coci na same shi a mashaya, a teburin 'yan gida, inda masu zuwa kullum ke zama. Ya zaro wani abin sauraron kiɗa daga aljihu, bai kai kwalin taba ba, ya aza kusa da kofinsa.

“Matar yaya, kin ga wannan? Ba kaset, ba faifai. Nan yayana zai shiga.”

“Nawa yake ɗauka?”

“Mega talatin da biyu.”

“Shi Konrad mega nawa ne?”

“Talatin da takwas.”

“Ko ni da na bar makaranta a aji shida na san bai shiga ba. Ka ɗauko kwamfutar ka kai filin biki.”

“Kwamfutata? Cikin mashaya? Wani ya zo ya aza mata kofi a ka?”

Da na ci gaba da tona shi, ashe talatin da biyun ma ba duka ke nan ba. Ya cika talatin da kiɗan faretin soja. Biyu suka rage.

“Goge kiɗan naka.”

“Mako uku na yi ina jawo su daga intanet ta wayar tarho! Ba buƙata ma. Ki saurara ki ƙaru. Kunnen mutum rago ne, cikin kashi goma na sauti ɗaya yake ji. Taran nan mu masu bincike zubar da su muke yi. An riga an matse shi sau ɗaya. To wa ya ce sau ɗaya ake matsewa? Matsorata ne suka tsaya a nan.”

Na ce, “Ƙanin miji, ni kren nake matsewa. Matsi ɗaya, yaji yana nan. Matsi na biyu, dusa kake sayarwa.”

“Wannan kimiyya ce, ba kayan miya ba.”

Ranar Litinin muka taru a ɗakinsa, ni da maƙwabciyata Babett da mijinta Veit, da Bazi, karen Konrad. Ottmar ya fara kunna na asalin. Muryar na cika ɗaki Bazi ya zabura, ya sa hanci a lasifika yana kaɗa jela kamar za ta cire. Ni kuwa na tafi bakin taga duba ko za a yi ruwa.

Ottmar ya danna wannan, ya danna wancan, kwamfuta ta yi ta gurnani har muka shanye kofi. “Sha tara! Rabi ya tafi, ku ji in wani abu ya canza.”

Babett ta ce, “Mura ta kama Konrad.”

“Lasifikar ce.”

Ya sake matsewa, ya kuma haɗe ɓangaren kunnen dama da na hagu wuri ɗaya. Wai Konrad baki ɗaya gare shi, me zai yi da biyu. Ya koma tara da wani abu. Yanzu mijina magana yake kamar wanda ya faɗa tafkin kifi yana kira daga ƙasa. Bazi ya karkata kai, ya dubi lasifika, ya dube ni.

A matsi na uku ya sauka ƙasa da biyar. Abin da ya fito, kwaɗo ne a cikin gwangwani. Bazi ya yi gurnani, ya shige ƙarƙashin tebur, ya ƙi fitowa.

Na ce, “Ko kare ya ce ba shi ba ne.”

“Kare yana jin abin da mutum ba ya ji, shi ya sa ba a sa shi a lissafi. Bari mu tambayi ɗan Adam. Veit! Ka ji wani bambanci?”

Veit ya ɗago kai daga faranti. “Ni ban ji komai ba.”

“Kun ji shaida!”

Babett ta ce, “Kai Ottmar, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan rabonsa da jin ƙararrawar coci tun shekarar da katangar Berlin ta faɗi.”

Duk da haka biyar ba ta shiga biyu. Ottmar ya yi ta shafa sanƙonsa. Da za mu fita na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Na asalin yana nan dai ko?”

“Matar yaya, da masani kike magana.”

Shekara arba'in ina kasuwa, na san in ka tambayi mutum ko kifinsa na yau ne ya ce maka kakansa ma masunci ne, to ka ajiye kifin. Amma ranar kaina na wajen kare, ban ja maganar ba.

Ranar Juma'a ina gurza kren ɗin biki a tsakar gida, hawaye shaɓe-shaɓe, sai ga shi da gudu a kan keke.

“Ya shiga! Mega ɗaya da ɗigo uku! Har wuri ya ragu!”

“Me ka yi masa?”

“Sirrin sana'a. Waɗanda ke birnin ma ba su yi tunanin wannan ba. Zan rubuta musu.”

“Kunna in ji.”

Ya maƙala mini abin kunne. Na ji “Hoo-ruk” guda ɗaya, na kwaɗo, sai ya fizge. Wai batir. Ya ce kuma yana so a faɗi sunansa a lasifika kafin a fara, tare da cewa shi ne injiniyan biki. Na ce bayan itace ya tsaya. Ya ce to rabin sunan kafin, rabi bayan. Na ce ko harafi ɗaya.

Asabar da yamma fili ya cika. 'Yan kwana-kwana sun ba da aron manyan lasifikansu biyu, makaɗan gari sun jeru da ƙahoninsu, hayaƙin tsiren alade ya rufe coci. Har 'yan ƙetaren rafi sun zo, sun tsaya a gindin katanga riƙe da kofuna. Su da tarakta suke ɗaga nasu itacen, shekara ashirin muna yi musu waƙar zambo a kan haka, kullum fatansu su ga namu ya kwanta.

Ottmar ya zo da kwat ɗin aurensa wadda ba ta rufe masa ciki, ya hau kan gangar giya, ya ɗaga abin nan sama don kowa ya gani. Tunda an hana a faɗi sunansa, shi ya faɗa da kansa, sau biyu. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, ya yayyafa wa itace ruwa. Maza suka cicciɓa shi, suka sa gindinsa a bakin rami, suka tokare da sanduna. Lorenz ya ɗaga hannu. Ottmar ya danna.

“Hoo-ruk!”

A ƙaramar lasifikar ɗaki kwaɗo ne, a ta 'yan kwana-kwana kuwa sai ka ce bijimi ake shaƙewa a cikin baho. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi alamar gicciye ta ce, “Yesu da Maryamu! Fada, mutumin nan bai shiga aljanna ba tukuna, ji yadda yake shan wuya.”

Amma mazan sun gane shi. Suka tura, itace ya ɗaga. Suka saki numfashi, na baya suka sunkuya za su matsar da sanduna.

“Hoo-ruk!”

Ba wanda ya ko share gumi. Na gaba suka tura.

“Hoo-ruk! Matsar da ta baya hoo-ruk Lorenz kai jaki ne hoo-ruk giya ta isa haka hoo-ruk hagu na ce hagu hoo-ruk hoo-ruk!”

Ai da masu hankali ne da sun tsaya. To shekara talatin da ɗaya jikinsu ya saba, in Konrad ya ce hoo-ruk, hannu ke tafiya kafin kai ya ji labari. Na gaba suna tura, na tsakiya suna gudu da sanda a kafaɗa suna neman inda za su tokara, na baya sun harɗe da juna. Wani ya kai kofi baki, kira ya zo, ya watsa wa kansa giya ya kama sanda. Tunda aka kafa garin nan itace bai taɓa tashi da sauri haka ba, kuma bai taɓa tashi a karkace haka ba.

Lorenz ya kwarma ihu, “Tsayar da shi! Ottmar, tsayar da yayanka!”

Maɓallan abin nan ƙanana ne kamar ƙwayar wake, yatsun Ottmar kuwa irin na gidansu ne. Ya danna, sauti ya ƙaru. Ya sake dannawa, Konrad ya ɗauke, kiɗan faretin soja ya ɓarke. Makaɗan gari suka ɗauka alama ce, suka ɗaga ƙahoni suka bi.

“Ba wannan ba, ɗan banza!”

“Ku yi haƙuri, komai na tafiya bisa tsari!”

Ya danna na baya. Konrad ya dawo daga farko, “Hoo-ruk!” Rabin mazan suka tura, rabi sun riga sun saki.

Itacen ya tsaya a sama shi kaɗai kamar mai tunanin inda zai kwana. Ya leƙa wajen coci, Fada ya tattare riga ya ruga. Ya leƙa wajen rumfar tsire, Lorenz ya ce wayyo namana. Sannan ya zaɓi ƙarshen fili, inda aka kafa bayan gida na katako saboda biki. Kowa ya watse. Ya sauko a hankali, kansa ya karye, reshensa ya kwashe rufin bayan gidan da bangon gaba gaba ɗaya.

Da ƙura ta lafa, sai ga Veit zaune, wando a gwiwa, jarida a hannu. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya dubi jama'ar gari sun zuba masa ido, ya dubi sama inda rufi yake ɗazu, ya ce, “An ɗaga ne?”

A lasifika mijina yana ta hoo-ruk, hoo-ruk, sai da wani ɗan kwana-kwana ya fizge waya.

'Yan ƙetaren rafi har ƙasa suka kwanta don dariya. Da suka farfaɗo, babbansu ya zo ya cire hula ya ce wa Lorenz, cikin ladabi, taraktarsu tana nan kusa in muna so. Da ita aka ɗaga, bayan an yanke mita huɗu da suka karye. Suna ja suna rera mana waƙar da muka yi musu.

Na sami Ottmar a bayan rumfar giya, Lorenz riƙe da kwalarsa, 'yan kwamiti da Fada sun kewaye su.

“Me ka yi masa?”

“Matar yaya, a kimiyyance aikin ya yi. Ya shiga, ko bai shiga ba? Shiru kawai na cire. Shiru ai ba sauti ba ne, me zai sa ya ci wuri? Minti ashirin da tara na banza, duk na tsince su, har waɗanda ke tsakanin magana.”

Lorenz ya ce, “A cikin shirun nan muke matsar da sanduna, sakarai!”

“To ai ba wanda ya faɗa mini. Ni ban taɓa riƙe sanda ba, ina da ciwon baya.”

Na ce, “Naka ya ƙare. Mu je ka ba ni na asalin, in kai wa mai hankali.”

Ya dubi takalminsa.

“Ottmar.”

“Kowane sabo a kan na baya nake ajiyewa, na bayan ya goge. Don kada ya cika mini kwamfuta. Haka ake yi.”

“Duka?”

“Amma wannan ɗin yana nan, minti goma sha ɗaya cur, duk maganarsa, ba abin da ya ɓace.”

Na ce a cikin shirun da ya zubar akwai numfashinsa. Akwai tarin nan nasa na taba, da ƙarar kofinsa in ya dire a kan benci. Akwai wurin da ya yi ƙasa da murya ya ce, “Gunda, matso daga nan, kada abu ya faɗo miki.” Sau ɗaya na saurari kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe, na san abin da ke ciki.

Sai Lorenz ya ce a jefa Ottmar a tafki. Na ce a'a, kifin tafkin nan mu ke ci. Fada ya fara maganar gafara, na ce Fada, gafara tana nan zuwa, bari a gama ciniki.

“Shiru ka ɗauke wa mijina, shiru za ka mayar. Minti ashirin da tara. Kowace Lahadi bayan coci, a teburin 'yan gida, ka zauna, bakinka a rufe.”

“Haba matar yaya! Goma.”

“Ashirin da tara.”

“Sha biyar. Ina da hawan jini, likita ya ce kada in riƙe magana a ciki.”

“Ashirin da tara. In ka sake tayawa ya zama har da Laraba.”

“Har yaushe?”

“Har in bi Konrad. Kuma lafiyata ƙalau, uwata sai da ta yi casa'in da shida.”

Ya dubi Fada. Fada ya ce shi a ganinsa wannan hukunci ne mai albarka ga dukan ikilisiya. Aka tafa hannu a gaban shaidu.

Lahadin farko mai mashaya sai da ya aro kujeru daga maƙwabta. Na zo da agogon dafa ƙwai, na murɗa shi, na dire a gaban Ottmar. Ya naɗe hannu, ya kafa wa bango ido.

Babett ta kurɓi giya ta ce, “Ni kuwa Lorenz, an ce ita kwamfuta da kananzir take aiki.”

“A'a, da gawayi. Ta baya ake zubawa.”

Kunnuwan Ottmar suka yi ja.

Wani ya ce shi ya ji mega ɗaya daidai yake da rabin kilo. Wani ya ce ai in ana so sauti ya ragu, a firiji ake sa shi ya kwana. Ottmar ya ɗauki kwalin da ake aza kofi a kai ya sa a baki ya ciza. Gumi na bin sanƙonsa. Minti ashirin, ashirin da biyar, yana riƙe.

Saura minti ɗaya Lorenz ya miƙe ƙafa ya ce, “Ashe wannan matse sautin ma, wani mutumin ƙetaren rafi ne ya ƙirƙiro shi.”

“Ƙarya ne!” Ottmar ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. “Mu ne! Ni na ɗaga musu sanda!”

Na miƙa hannu, na ɗauki agogon, na murɗa shi ya koma farko.